Alkakin da Ba Ya Kwana

Innata ba ta iya hira da yayanta ba. Gara in fara faɗin wannan, don duk rigimar da muka sha a shekarar nan daga nan ta taso. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, ita a Bukan Sidi, shi a Akurba. Gari ɗaya ne fa, Lafiyar nan tamu, keke ɗaya zai ɗauke ka ya sauke ka a ƙofar gidansa. Amma in ta je, ba ta wuce bakin ƙofar falo. Tsohuwa mai jikoki, gwiwa tana ƙara, haka za ta durƙusa ta ce, "Yaya, ina kwana." Ya ce, "Lafiya lau. Ya yaran?" Ta ce, "Suna gaishe ka." Shi ke nan an gama. Sai ta miƙe ta shige wajen mata.

Ba faɗa suka yi ba, ko kusa. Mahaifinsu ya rasu tana ƙarama, Kawu ne ya riƙe ta, shi ya tsaya mata a matsayin uba har ya kai ta ɗakinta. Mu kuma jikokin Barebari ne da suka daɗe a garin nan, harshen ya tafi amma kunyar tana nan daram. Inna ba ta cin abinci a gabansa, ba ta dariya a gabansa, ba ta taɓa mayar masa da magana ba. Ina yarinya na ɗauka tsoronsa take ji. Sai da na girma na gane son da take yi masa ne ya yi mata yawa, ta rasa inda za ta sa shi.

Inda ta samu ta sa shi kuwa shi ne alkaki. Duk Sallah, ƙarama da babba, sai ta yi masa nasa na musamman. A barzo alkama a inji, ta kwaɓa da ɗan mai da tsami, ta rufe ya kwana ya tashi. Gari na wayewa ta zauna ta miƙe ƙafa, tana murza kwaɓin siriri tana naɗe shi a yatsu, ta soya, ta tsoma cikin ruwan sugan da ta dafa da tsamiya har ya yi danƙo. Sai an bar shi ya kwana ya sha sugan sosai, sannan a jera a kwanon samira. Irin wannan alkakin sai ya yi wata a ɗaki bai canza ba. Ni ce ’yar aike tun ina makarantar firamare, kuma har na yi aure na haihu ba ta yarda wani ya kai ba sai ni.

Kawu zai buɗe kwanon, ya ɗauki ɗaya, ya ci a tsanake, ni kuma ina tsaye ina jiran saƙo. Wata shekara ya ce, "Ki ce mata ya yi." Wata shekara kuma ya ce, "Ki ce mata tsamiya ta yi yawa bana." In na kawo irin wannan saƙon, Inna sai ta yi mako tana mita a kicin. "Tsamiya ta yi yawa! Shi ya san tsamiya ne? Tunda yake ya taɓa hura wuta?" Tana faɗa tana murmushi, don ta ji daɗi ya kula. Iyakar hirarsu ke nan, kuma ta ishe su.

Sai ciwon suga ya kama Kawu. Da ma mutum ne mai son shayi, irin wanda cokali ke tsayawa a kofi, ga zaman shago shekara da shekaru a kasuwa. Kafin a farga idonsa ya fara hazo, wani ɗan ciwo a ƙafarsa kuma ya ƙi warkewa da wuri. ’Yarsa ta fari nas ce, taubashiyata, wadda tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Ita ta karɓe ragamar gidan. Ta kwashe suga, ta kwashe lemon kwalba, ta kafa doka.

Ranar ƙaramar Sallah na isa da kwanona kamar kullum, na ci kwalliya, sai ga ta ta tare ni a zaure.

Ta ce, "Ke, mene ne wannan?"

Na ce, "Kanki ne a ciki. Matsa in wuce."

Ta buɗe murfin, ta ga alkaki yana ƙyalli, ta mayar ta rufe. Ta ce, "Wallahi ba zai shiga ba. Ko ƙamshinsa Baba ya ji sai ya ci, in ya ci kuma ni zan kwana a asibiti da shi, ba ke ba. Ki ba Goggo haƙuri."

Ni kuwa Allah ya zuba mini zuciya a kusa. Na ce mata tun ba ta san hanyar makarantar nas ba ake kawo kwanon nan, na ce farin kaya ba hankali ba ne, na faɗi wasu maganganun ma da suka fi haka. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Kin gama? To ki zaɓa, alkaki ko ƙafarsa." Gaskiya ta faɗa, kuma hakan ne ya fi ba ni haushi. Na juya da kwanon na tari keke.

Inna tana ganin yadda nake riƙe da kwanon ta san da nauyinsa ya dawo. Na yi mata bayani. Ba ta yi faɗa ba, ta dai zauna a bakin gado ta ɗora hannu a kan murfin.

Ta ce, "Shi bai ce komai ba?"

Na ce, "Bai ma san na je ba."

Sai ta ce, "To ni yanzu da me zan gaishe shi?"

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Tausayinta ya kama ni sosai, don na san ba alkakin take wa baƙin ciki ba. In babu kwanon nan, abin da ya rage tsakaninta da ɗan’uwanta ɗaya tilo shi ne "ina kwana" da "ya yaran". Ga babbar Sallah tana tafe, ga Kawu jiki yana ja baya.

Sana’ata kek ce, ta biki da ta suna da ta zagayowar haihuwa. A nan na san wani abu da ake kira iritiritol, saboda wata mata ta taɓa sa ni in yi wa mahaifiyarta mai ciwon suga kek da shi. Fari ne tas, ’yan ƙwayoyi kamar suga, yana da zaƙi amma bai kai suga ba. Jiki ba ya ƙona shi ya mai da shi ƙarfi, yawancinsa ratsawa yake ya fita ta fitsari, shi ya sa ba ya tayar da sugan jini. A Lafiya ba a cika samunsa ba, sai na sa mai kawo mini kayan kek daga Abuja ya haɗo mini da leda guda. Na kai wa Inna ina ji da kaina, na dire mata a gaba.

Ta kalli ledar ta kalle ni. "Wannan kuma daga wace bishiya?"

Na ce ba bishiya ba ce, daga masara ake yinsa. A fitar da sitacin masara, a mai da shi ruwan zaƙi, a zuba wani irin yis a bar shi ya tsimu. Yis ɗin ne yake cinye zaƙin ya mai da shi wannan. Sai a tace, a dafe ruwan, a bar shi ya daskare ya zama ƙwayoyi.

Ta ce, "Tsimi? Ke, ba dai abin maye za ki sa in ba Yaya ba?"

Na ce, "Haba Inna. Kwaɓin alkakinki ba kwana yake ya tashi ba? Ya taɓa bugar da wani?"

Ta harare ni, amma ta lakato da yatsa ta sa a harshe. Sai na ga ta zaro ido. "La ilaha illallahu! Sanyi gare shi! Kamar na tsotsi minti." Na ce haka yake, in yana narkewa a baki sai ya ja zafin harshe, amma in an narkar da shi a ruwan zafi ba a jin wannan. Daga ranar ba ta ƙara wahalar da kanta da sunansa ba, "mai sanyin nan" take ce masa.

Na ɗauka an wuce wajen. Ashe Inna tana da nata gwajin. Ta ɗebi kaɗan ta zuba a gindin bangon kicin, inda kiyashi suke da hanya, ta zuba suga na gaske a gefe. Da na dawo da yamma ta ja ni ta nuna mini. Sugan ya yi baƙi da kiyashi, mai sanyin kuwa sai su zo su shinshina su kewaye shi su wuce.

Ta ce, "Kin gani? Abin da kiyashi ya ƙi, shi zan ɗauka in ba Yayana?"

Na ce, "Inna, kiyashi abinci yake nema, wannan kuma ba ya ƙosar da kowa, ai amfaninsa ke nan."

Ta ce, "Ke dai kin iya baki."

Ba ta yarda da ni ba, ba ta kuma yarda da kiyashin gaba ɗaya ba, sai ta yanke shawarar gwadawa a jikinta. In guba ce, ta ce, gara ta fara da ita. Ba ta gaya mini ba sai da abin ya faru. Ta dama kunun gyaɗa, ta zuba mai sanyin, ta ji zaƙi bai kai ba, ta ƙara, ta sake ƙarawa, ta shanye babban kofi, da rana ma ta maimaita. Aka kira ni a waya wai Inna ba lafiya. Na zo a guje na tarar da ita kwance a tabarma, ciki yana ta ƙugi, ta yi sintiri tsakanin ɗaki da bayi har ta gaji. Da na ga yadda ledar ta ragu na riƙe baki.

Na ce, "Inna! Wa ya ce ki sha shi kamar gari? Ai in ya yi yawa ciki yake ɓatawa!"

Ta ɗago kai da ƙyar ta ce, "To ban mutu ba dai. Rabin cokali ba zai kashe Yaya ba."

Na yi dariya har da hawaye, ita ma tana riƙe da ciki tana dariya tana zagina. Ban taɓa jin ina son ta kamar ranar ba.

Saura taubashiyata. Na haɗiye girman kaina na kai mata ledar. Ta juya ta, ta karanta bayanta, ta ce yau kuma mai kek ce ta zama likita. Na ce in ta ga dama ta karanta da ƙarfi, ƙila ta ƙaru. Ta tafi da shi ta tambayi likitan da ke duba Kawu, ta sa wa Kawun kaɗan a shayi, ta huda yatsarsa ta gwada jinin kafin ya sha da bayan ya sha. Sannan ta kira ni. Ta ce an yarda, amma da sharaɗi. Ita kanta alkamar tana tayar da suga, don haka ƙarami za a yi, kuma guda ɗaya zai ci, ba kwano ba. Na kai wa Inna labari, ta tashi a take ta aika a barzo alkama.

Ranar gwaji muka zauna tare. Ta dafa mai sanyin da ruwa da tsamiya yadda ta saba. Abu na farko da ya ɗaure mata kai, ruwan ya ƙi yin danƙo, ya ƙi yin ja. Tana ɗaga ludayi yana zuba tsararo. Duk da haka ta soya ta tsoma, ta miƙo mini ɗaya da zafinsa. Wallahi ya yi daɗi. Zaƙin bai kai na da ba, amma alkakin Inna ne sak, ga garɗi ga ɗan tsamin nan. Muka jera sauran a kwano muka rufe, ya kwana ya sha, kamar yadda ake yi.

Da safe ta buɗe, sai na ji salati. Alkakin duk ya yi fari fat, ƙwayoyi sun fito sun lulluɓe shi, kamar an birkima shi cikin gishirin garin Awe. Na gatsa ɗaya, ya yi ƙaras-ƙaras a haƙori, ga sanyin nan ya dawo. Ba mai ba wa baƙo wannan, balle Kawu.

Inna ta ce tsamiya ce ta yi kaɗan. Duk mai alkaki ta san in ruwan suga zai daskare, tsami ake ƙara masa. Muka sake, ta ƙara tsamiya. Ya daskare. Ta matse lemon tsami har sai da ya kai mutum ya runtse ido. Ya daskare. Ashe shi mai sanyin nan ba ruwansa da tsami, da zarar ya huce sai ya koma ƙwayoyinsa. Ni ma ban sani ba, don a kek ban taɓa dafa shi da ruwa haka ba. Na ce to a sa a kular abinci a ruga da shi da zafi. Muka gwada a gida, ya yi gumi a ciki ya saki jiki ya zama kamar ɗanwake. Na ce to a kai a daskare, can su ɗumama masa.

Ta ce, "Ɗumame? Ranar Sallah in aika wa Yaya ɗumame? Allah ya kiyaye."

Haushi ya ishe ni, na ce da na sani ban kawo wannan jaraba ba. Ledar ta kusa ƙarewa, Sallah ta matso, Inna ta daina magana sosai. Ina cikin wannan hali taubashiyata ta biyo ta gidan bayan ta tashi aiki. Ta ga fararen alkaki a tire ta kwashe da dariya, ta ce yanzu kuma gishiri muke soyawa. Na ba ta labari a fusace. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ce, "To ai da zafinsa kun ce yana da daɗi. Goggo, ki zo ki soya masa a can mana, daga kasko sai bakinsa."

Inna ta dafe ƙirji. "A gidan Yaya? In zauna in miƙe ƙafa a gabansa ina murza kwaɓi? Ke ’yar nan, ba ki da kunya ne?"

Ta ce, "Ni dai na faɗi nawa." Ta saɓa jakarta ta tafi.

Ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Na san halin uwata, in aka matsa mata sai ta ƙara kafewa. Ana gobe Sallah da la’asar na leƙa kicin, na ga kwaɓi a rufe a roba. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Gobe in an sauko idi ki samo keke mai fili, da kasko za mu."

Haka muka ratsa gari, ni da ita da kasko da galan ɗin mai da robar kwaɓi a cinya, ko’ina raguna da hayaƙi da masu sababbin kaya. Mai keken, wani bawan Allah mai Hausar kasuwa, ya ce, "Mama, yau Sallah ne, kai ma za ka je sayar da abinci?" Ko kallonsa ba ta yi ba.

Kawu yana zaune a kujera ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, ƙafar a kan matashi, ana ta aikin nama can gefe. Inna ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, ta miƙe za ta nufi bayan kicin. Sai ta ga taubashiyata ta riga ta kafa tukunyar gas da ’yar kujera a gindin mangwaron, dab da shi. Ta ce wai kicin ya cika da nama, ba wuri. Ƙarya take, na leƙa na gani, amma ranar na yafe mata duk abin da ta taɓa yi mini.

Inna ta zauna a ɗofane, ta juya masa rabin baya, ta ja mayafi. Ta fara murzawa. Mai ya yi zafi, ta saka na farko ya yi cuu, ƙamshi ya tashi. Kawu ya juyo da kai, don idon ba ya gani sosai.

Ya ce, "Alkaki nake ji?"

Ta ce, "Shi ne, Yaya."

Ya ce, "Da ƙaramar Sallah na jira. Na ce ko kin gaji da ni ne."

Ashe ba wanda ya gaya masa kwanon ya zo an mayar. Na ga kafaɗar Inna ta motsa. Ta tsamo alkakin, ta tsoma a ruwan mai sanyin da ke kan wuta, ta juya shi, ta ɗora a faranti, ta miƙo mini in ba shi. Taubashiyata ta riƙe mini hannu ta ce, "A’a, Goggo, kafin ya bi ta hannun wannan mai nawar ya huce. Ba shi da kanki."

Ta matsa ta sa masa farantin a hannu. Ya lalubo, ya hura, ya gatsa. Ya daɗe yana taunawa, mu duka mun zuba masa ido.

Ya ce, "Bai kai na da zaƙi ba."

Sai kawai na ji Inna ta ce, "Ai kai ka ja, Yaya! Wa ya ce ka shanye sugan duniya a shayi?"

Tana faɗa ta toshe baki da hannu. Tunda aka haife ni ban taɓa jin ta mayar masa da magana ba. Sai Kawu ya fashe da dariya har da tari, yana buga hannun kujera. Ya ce, "Ashe bakin nan yana nan! Tana ƙarama haka take, ba a ja da ita." Ya cinye, ya lashe yatsa, ya miƙo farantin.

Ya ce, "Auta, ƙaro mini ɗaya."

Ban taɓa jin an kira ta haka ba. Duk waɗanda suka san ta da wannan sunan sun rasu, sai shi. Hawaye ya zubo mata, ba ta ma ɓoye ba. Ni ma kuka nake, nas ɗinmu mai doka ita ma tana share ido da bayan hannu.

Inna ta ce, "An ce ɗaya za ka ci."

Ya ce, "To ajiye mini na gobe."

Ta ce, "Wannan ba ya kwana, Yaya. In ya huce ya lalace."

Ya ce, "To ai sai ki dawo goben."

Ta goge fuska da bakin mayafi. Ta kama ’yar kujerarta ta juyo da ita har ta fuskance shi sosai, ta gyara zama, ta miƙe ƙafafunta.

Ta ce, "To, Yaya. Amma gobe rabi za ka ci."